Dusar Ƙanƙara a Maraɗi: Tarihin Haiku da Littattafan da Za Mu Fara da Su

Wata ranar Laraba cikin watan Afrilu, bazara ta kai bazara, na dawo gida na tarar da ɗiyata zaune gindin dogon yaro tana ƙirga yatsunta, gumi yana ɗiga a kan kaye. Mushensu na Faransanci ne ya ba su aikin gida: kowa ya rubuto haiku, layi uku, gaɓa biyar, bakwai, biyar. Da na leƙa sai na ga dusar ƙanƙara take saukarwa a kan wani tsauni. Na ce, "Ke, a ina kika taɓa ganin dusar ƙanƙara?" Ta ce, "Baba, ai duk misalan da aka ba mu haka suke. In na rubuta zafin Maraɗi ba za a karɓa ba." Na buɗe baki in ba ta amsa, sai na ga ba ni da ita. Shekara 20 da ɗoriya ina riƙe da alli, amma sanina game da haiku bai wuce abin da ke cikin kayen nan ba. Don haka ban ga laifin mushen ba. Abin da aka zuba mana, shi muke zuba wa yara.

Kunyar ranar ce ta sa na shafe babban hutu ina farautar littattafai, wasu aro, wasu saƙo wajen matafiya. Abin da na tsinto shi nake so in raba da ƴan'uwana malamai da iyaye, domin littafi yana da tsada a ƙasar nan, kuma wanda zai cire jika goma daga albashinsa ya kamata ya san abin da zai saya. Zan bi tarihin zango-zango, in ambaci littafin da ya dace da kowane zango.

Tun kafin a san wani abu haiku, Japanawa suna da gajeriyar waƙa mai suna tanka, mai kashi biyar: 5, 7, 5, 7, 7, jimla 31. Kundin waƙoƙinsu mafi tsufa, Man'yoshu, wanda aka kammala bayan shekarar 759, yana ɗauke da waƙoƙi wajen 4,500, akasarinsu tanka. Wajen shekarar 905 aka tattara wani kundin bisa umarnin sarki, Kokinshu, aka buɗe shi da waƙoƙin lokutan shekara a jere, daga tohon itatuwa har zuwa sanyi. Tun daga nan waƙar Japan ta ɗaure da yanayi. A fadar wancan zamani tanka ita ce wasiƙa: da ita ake neman aure, da ita ake ta'aziyya, da ita ake sallamar mai tafiya, kuma wanda aka aika wa bai mayar da tasa ba ya yi abin kunya. Ƙofar shiga wannan zango ita ce Hyakunin Isshu, waƙoƙi 100 na mawaƙa 100, wanda Fujiwara no Teika ya zaɓa a ƙarni na 13. Har gobe yaran Japan suna haddace shi, suna wasan kati da shi a bikin sabuwar shekara. René Sieffert ya mayar da shi Faransanci da sunan De cent poètes un poème.

Daga tanka aka samu renga, wato waƙar sarƙa. Mutum ɗaya ya kawo kashin sama, 5-7-5, na kusa da shi ya ɗora 7-7, wani ya sake kawo 5-7-5 wanda zai riƙe baitin da ya gabace shi amma ya karkatar da zancen, haka har a kai baiti 100 a zama guda. Mafi shahara ita ce wadda Sogi ya yi da almajiransa biyu a Minase a 1488. Wannan bai ba ni mamaki ba, don mu ma mun san waƙar da baki fiye da ɗaya yake ginawa: ga tahamisi, inda malami yake ɗora layuka uku a kan baitin wani, ga kuma waƙar gaɗa, inda wata ta bayar sauran su amsa. Baitin farko na sarƙar shi ake kira hokku, kuma yawanci babban baƙon zaman ake girmamawa da shi. Ladabi ya wajabta masa ya nuna lokacin da ake ciki da wurin da aka taru, kamar yadda baƙo a wajenmu yake fara gaisuwa da "ina zafi" ko "ina ruwa". Wannan gaisuwar ita ce uwar haiku. Da na gane haka sai amsar da na rasa ranar Laraba ta faɗo mini: baƙon da ya zo Maraɗi a watan Afrilu ya yi gaisuwar dusar ƙanƙara, ai ya karya dokar farko.

A ƙarni na 17, da ƙasar ta zauna lafiya, ƴan kasuwa suka yi kuɗi, karatu ya yaɗu, sai renga ta fita daga fada ta shiga kasuwa. Aka kira sabon salon haikai, mai raha da maganar yau da kullum. Abin ya zama gasa, har a 1684 wani marubucin Osaka, Ihara Saikaku, ya yi iƙirarin zubo baiti 23,500 cikin yini da dare guda. Duk malamin da yake zaton cika ƙirge shi ne waƙa, ya tuna da wannan adadi, ya kuma tambayi kansa me ya sa ba da waɗannan baitocin ake tuna Saikaku ba, sai da labaransa na zube.

A cikin wannan hayaniya Matsuo Basho ya taso. An haife shi a 1644 a lardin Iga, ya koma Edo, birnin da ake kira Tokiyo yau, yana cin abinci da koyar da haikai. Sunan Basho laƙabi ne: wani almajirinsa ya ba shi wata irin ayaba ya dasa a bakin bukkarsa, aka riƙa kiran bukkar da mai ita da sunan shukar. Aikinsa shi ne ya ɗauki maganar kasuwa ya ba ta nauyin waƙar fada. A 1689, yana da shekara 45, ya bar bukkar ya nausa arewa tare da almajirinsa Sora, tafiyar wajen wata biyar da kilomita 2,400, mafi yawanta da ƙafa. Nisan ya zarce zuwa Damagaram daga Yamai da dawowa. Daga wannan tafiya aka samu Oku no Hosomichi, labarin zube da aka yayyafa wa hokku, salon da ake kira haibun. Ya yi shekara biyar yana gyaransa, ya rasu a Osaka a 1694, ba a buga littafin ba sai 1702. A 1943 aka buga littafin da Sora yake rubuta abubuwan kowace rana, sai aka ga Basho ya sauya wasu abubuwa, ya gyara jerin wasu, don labarin ya zauna daidai. Wannan darasi ne ga yaranmu masu miƙo aiki da rubutun farko. Mai karanta Faransanci ya nemi Journaux de voyage, fassarar Sieffert. Mai Ingilishi kuma akwai fassarar Nobuyuki Yuasa ta 1966, The Narrow Road to the Deep North. Shawarata ita ce a karanta waƙoƙin a cikin labarinsu, domin hokku da aka tsinke daga inda aka yi shi kamar karin magana ne da aka faɗa ba a san zancen da ya jawo shi ba.

Bayan Basho akwai Chiyo, mace daga lardin Kaga, wadda ta rayu daga 1703 zuwa 1775, kuma ya kamata ƴan matan ajinmu su san da ita. Akwai Yosa Buson, haihuwar 1716, mai zane ne, kuma idon mai zane yake kai wa waƙa: launi, nisa, inda haske yake faɗuwa. Amma wanda ya fi shiga raina shi ne Kobayashi Issa. Sunan ya yi kama da na Isanmu, sai dai shi ma laƙabi ne, ma'anarsa shayi guda. An haife shi a 1763, ɗan manomi. Uwarsa ta rasu yana da shekara uku, zama da matar uba ya gagara, aka tura shi Edo neman abinci tun bai gama tasawa ba. Ya daɗe yana rigimar gado da ƙaninsa, bai yi aure ba sai da ya haura 50, kuma ƴaƴa huɗu da matarsa ta fari ta haifa duk sun rasu suna ƙanana, ita ma ta rasu. A 1827 gobara ta cinye gidansa, ya ƙarasa kwanakinsa a ɗakin ajiya. Duk da haka ya bar waƙoƙi wajen 20,000, cike da ƙuda, ƙuma, kwaɗo, gwara da marayu. Littafinsa Ora ga Haru labarin shekarar 1819 ne, shekarar da agana ta ɗauke ɗiyarsa Sato tana ƴar shekara guda. An fassara shi da Faransanci da sunan Mon année de printemps. Iyayen da suka taɓa binne ɗa ba sa bukatar wani ya yi musu sharhin wannan littafi. In za a fara gabatar wa yara wani mawaƙi, to a fara da Issa, domin ƙudan da ya gani shi ne yake yawo a ajinmu.

A zamanin Buson ne wani reshe ya ɓalle. Wani alƙalin gasar baitoci a Edo, Karai Senryu, aka tattara zaɓaɓɓun baitocin da ya tace aka fara buga su a 1765, salon kuma ya ɗauki sunansa. Senryu tsawonsa ɗaya da hokku, amma ba ruwansa da yanayi. Halin ɗan Adam yake tsokana: marowaci, suruka, likitan da bai iya ba. Ya fi kusa da habaici da zambo. Yara sukan kama shi da sauri, sai dai malami ya tace kafin ya kai aji, don wasu tsofaffin senryu akwai batsa a ciki.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, Basho da Buson da Issa hokku suka san suna rubutawa. Wanda ya kafa sunan haiku a kan waƙa mai zaman kanta shi ne Masaoka Shiki, haihuwar 1867 a Matsuyama, shekara guda kafin juyin Meiji da ya buɗe Japan ga ilimin Turai. Tarin fuka ya kama shi yana saurayi, ya yi shekarunsa na ƙarshe a kwance, daga shimfiɗar yake rubutu a jarida. A 1893 ya fito ya ce yawancin hokkun Basho ba su kai yabon da ake musu ba, ya ɗaga Buson, ya ce waƙar sarƙa ba adabi ba ce. Ya kawo ƙa'idar shasei, wadda ya aro daga masu zane: ka fita ka duba abu, ka rubuta shi yadda ka gan shi. Mujallar Hototogisu ta ƙungiyarsa an kafa ta a 1897, kuma har yanzu tana fita. Ya rasu a 1902 yana da shekara 34. Ashe haikun da muke kira tsohon gado, a wannan siffa tasa, tsara ne da shigar Faransawa Damagaram a 1899. Shiki ya ceci waƙar daga kwaikwayo, amma ya sare kai ya bar gangar jiki, ya raba ta da zaman taron da ya haife ta.

Kada kuma a ɗauka waƙar furanni ce da ba ta taɓa kowa. Tsakanin 1940 da 1943 ƴan sandan ciki na Japan sun kama mawaƙan haiku fiye da 40, waɗanda suka yar da kalmar yanayi, wasunsu suna rubuta yaƙi da talauci. Bayan yaƙin, a 1946, wani masanin adabin Faransa mai suna Kuwabara Takeo ya haɗa haikun manyan mawaƙa da na waɗanda ba a sani ba, ya cire sunaye, ya ce mai karatu ya bambance in zai iya. Daga nan ya yanke cewa haiku fasaha ce mai daraja ta biyu, har ya nemi a fitar da ita daga makarantu. Ban yarda da hukuncinsa ba, amma gwajinsa ya kamata ya tsaya mana a rai: gajeren abu yana da sauƙin kwaikwayo, kuma yaro zai iya cika layi uku bai ga komai ba. Ita ma tanka ba ta mutu ba. A 1987 wata matashiyar malamar makarantar sakandare, Tawara Machi, ta fitar da kundin tanka da harshen samari na yau, aka sayar da fiye da kwafi miliyan 2. Yana nan da Faransanci da sunan L'Anniversaire de la salade.

Hanyar da haiku ya biyo ya iso allonmu ta Faransa ce. Paul-Louis Couchoud, bayan ya dawo daga Japan, ya yi tafiyar jirgin ruwa da abokansa biyu a 1905, suka buga Au fil de l'eau, kwafi 30 kacal. A 1916 Julien Vocance ya fitar da Cent visions de guerre, abin da ya gani a ramukan yaƙin duniya na farko. A ɓangaren Ingilishi, R. H. Blyth ya buga mujalladi huɗu tsakanin 1949 da 1952, kuma su ne suka yaɗa ra'ayin cewa haiku ɗan addinin Zen ne. Na san akwai iyayen da wannan zai sa su ja baya. Gaskiyar magana, da yawa cikin mawaƙan mabiya addinin Buda ne, kuma ana ganin haka a wasu waƙoƙin, don haka malami ya karanta ya zaɓa. Amma salon kansa daga zaman hira da gaisuwar baƙo ya fito, kamar yadda muka gani, kuma Haruo Shirane ya fayyace wannan a littafinsa na 1998, Traces of Dreams.

A hanyar fassara ne aka yi ɓarin abubuwa uku. Na farko, layi uku aikin masu fassara ne, don Bajapane a layi guda yake rubuta haikunsa, daga sama zuwa ƙasa. Na biyu, abin da suke ƙirgawa ya fi gaɓar Faransanci gajarta. Dogon wasali biyu ne a wajensu, "n" ta ƙarshen gaɓa ma ɗaya ce mai zaman kanta, shi ya sa sunan Basho uku ne a ƙirgensu, ba biyu ba. A nan kunnen Bahaushe ya fi na Bafaranshe sa'a. Mun san "fara" ta launi daban take da "fara" da ake soyawa, ko da boko ya rubuta su iri ɗaya, kuma aruli na rubutattun waƙoƙinmu a kan nauyin gaɓa ya tsaya. Gaɓa 17 ta Faransanci ta fi haikun asali tsawo nesa, shi ya sa masu fassara da yawa ba sa bin ƙirgen. Na uku shi ne yanka: wata ƴar kalma, irin su ya da kana da keri, wadda take raba waƙar gida biyu, a ajiye hoto kusa da hoto, a bar mai sauraro ya haɗa. Duk yaron da ya iya kacici-kacici ya san wannan aiki.

Wanda kuɗinsa na littafi ɗaya ne, ya sayi Haiku, anthologie du poème court japonais na Corinne Atlan da Zéno Bianu, wanda Gallimard ta buga a 2002. Ƙarami ne, an jera shi bisa lokutan shekara, ya taho daga tsofaffin mawaƙa har zuwa na zamani. In an samu na biyu, Fourmis sans ombre na Maurice Coyaud, na 1978, yana tafe da waƙa da hira da tatsuniya, yana ba malami abin faɗa a gaban aji. Malaman Ingilishi su nemi The Haiku Handbook na William Higginson da Penny Harter, na 1985, don akwai sashen koyarwa a cikinsa, sai The Essential Haiku na Robert Hass, na 1994, wanda ya haɗa Basho da Buson da Issa. Kwafi guda ya ishi lakwal guda in ƙungiyar iyayen yara ta haɗa hannu. Abin da ake tsinta a intanet kuwa a yi hattara, don sau da yawa ba sunan mai fassara, wani lokaci ma an jingina wa mawaƙi abin da bai faɗa ba.

Akwai kuma waɗanda suka riga mu cire dusar ƙanƙarar. Richard Wright, marubucin nan baƙar fata na Amurka, ya rubuta haiku wajen 4,000 a Faransa gab da rasuwarsa a 1960, aka buga 817 daga ciki a 1998, kuma akwai gonakin kudancin Amurka inda ya tashi a cikinsu. Kusa da mu, Adjei Agyei-Baah na Gana ya fitar da Afriku a 2016, da Ingilishi da harshen Tuwi, kuma shi da Emmanuel Jessie Kalusian na Najeriya suka kafa mujallar The Mamba don haikun Afirka.

Wani abokin aikina ya ce mini, "Malam, namu ma ba mu gama koyarwa ba, me ya kai mu Japan?" Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, kuma in sa'a guda ce tak gare ni, kirari da karin magana zan ba ta. Amma akwai littafi guda da ba a sayar da shi a Faransa ko Japan. Kowane mawaƙin haiku yana da saijiki, kundin kalmomin yanayi, inda aka rubuta wane tsuntsu, wane abinci, wane aiki yake nuna wane lokaci. Namu yana bakin tsofaffinmu. Na ba ɗiyata sabon kaye, muka raba shi biyar: bazara, damina, kaka, ɗari, rani. Na ce ta je wajen kakarta. Ta dawo da shamuwa mai kawo labarin ruwa, da shinge bayan ruwan fari, da gawo mai zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, da damman hatsi a bakin rumbu, da hazo da faso, da ƴan ci-rani a tasha. Tsohuwar ta riƙe ta har magariba, ta ba ta kalmomin da ni kaina na manta.

Malamin da zai koyar da haiku bana, ya fara aika yara gida da irin wannan kaye, ya zaunar da su su yi sarƙa, wannan ya bayar wancan ya ɗora, ƙirgen yatsu ya zo daga baya. Ɗiyata dai ta sake rubuta aikinta, ko da yake an daɗe da ba da maki. A kan shamuwar da ta sauka kan tsamiyar unguwarmu ta yi shi, da Hausa, sannan ta zauna tana fama da yadda za ta mayar da shi Faransanci. Allah ya yi wa yaranmu albarka, ya ba malamansu haƙuri.